In Ruwa Ya Tsare Ku a Birnin Dabo

'Ya'yana samari da 'yan matan Kano, damina ta kankama, kuma na san yadda yawancinku kuke yi ranar da aka wayi gari da ruwa. A ja bargo, a ɗauki waya, a yi ta latse-latse har caji ya ƙare, sannan a yi tsaki a ce gari ya mutu, ba wurin zuwa. Ban zo da faɗa ba, don ba zunubi kuka yi ba. Asarar ce take damuna. A duk shekara ba ranar da birnin nan yake ɗaga wa mutum ƙafa irin ranar ruwa: kasuwa ta yi sanyi, majalisar ƙofar gida ta watse, filin ƙwallo ya koma taɓo, ba wanda zai ga laifinka don bai gan ka ba. Bai kamata a miƙa wa waya da barci wannan lokaci duka ba, alhali garin nan cike yake da ɗakuna masu rufi da kuke wucewa ta ƙofarsu kullum ba ku taɓa leƙawa ba. Wasu ma a cikin gidajenku suke.

Amma kafin a yi zancen inda za a je, sai an san wane irin ruwa ake yi, don ruwan Kano iri biyu ne. Akwai wanda hadarinsa ke haɗowa daga gabas, gari ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙura da ledoji, sannan a kece da shi kamar da bakin ƙwarya. Wannan ba ya daɗewa, awa ɗaya ko biyu ya ɗauke. Kada ku fita cikinsa, kada kuma ku fita da zarar ya tsaya, ku ba shi lokaci ya janye. Kano shimfiɗaɗɗen gari ne. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, waɗanda su ne suke shanye ruwan unguwa, an cike da yawansu an yi gini a kai, magudanan da suka rage kuma shara ta toshe su. Ruwan da ya rasa hanyar rafin Jakara sai ya bi titi. In ya kai gwiwa yana ɓoye bakin kwata, yana kuma iya kayar da babba, balle yaro. Manyanku ba su manta da watan Agustan 1988 ba, lokacin da mamakon ruwa ya ɓalle madatsar Bagauda, gidaje suka yi ta zubewa a ciki da wajen birni. Ku kanku kun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022, ya jiƙa dilolin atamfa da shadda. Ranar irin wannan ruwa gida za a zauna, zan kuwa zo kan abin da za a yi a gidan.

Na biyun shi ne marka, ruwan tsakiyar Agusta, wanda yake sauka a hankali tun asuba, ya tsagaita, ya dawo, rana ba ta leƙo ba har magariba. Wannan ba ya hana fita. Lema, takalmin roba, kuɗin adaidaita sahu da ɗan ƙari a kai, don masu ita sukan ɗaga farashi in ana ruwa. Guzurin ke nan.

In kun fita, ku fara da Gidan Makama. Raina yana sosuwa in na tambayi saurayi haifaffen Yakasai ko Mandawari ko ya taɓa shiga, ya ce a'a, alhali baƙi suna biyan kuɗin jirgi daga ƙasashen Turai su zo su gani. Ga shi nan daf da fadar Sarki, ta wajen Ƙofar Kudu. Tarihi ya nuna domin Muhammadu Rumfa aka gina shi tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarauta a 1463, ke nan gidan ya girmi fadar Sarki, Gidan Rumfa, kanta. Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun yi zaman ofis a cikinsa. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, kuɗin shiga kuwa bai taka kara ya karya ba.

Kada ku yi saurin wucewa ciki. Ku tsaya a zaure ku ɗaga kai. Ku dubi yadda aka lanƙwaso bakan gizo daga bango zuwa bango har suka haɗu a tsakiya, ku tuna abin da ke cikinsu azarar giginya ce da ƙasa, ba rodi, ba siminti, ga ruwa yana zuba a waje ku kuna tsaye a bushe. Ranar ruwa ce ranar da ake gane gwanintar maginan Kano. Sun karkata rufin soro don ruwa ya gangara gefe guda. Sun miƙo indararo nesa da bango don kada zubar ruwan ta cinye gindin ginin. Sun shafe jikin bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin da marina ke kwashewa daga ƙasan karofi. Kun ga sharar wata sana'a ita ce rufin asirin wata. Mutanen nan ba su yi jami'a ba, amma sun san ruwan garinsu, sun kuma yi gini da saninsa.

A ciki za ku ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, masu nauyin gaske, da bayanin ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa wajen shekara 900 da suka wuce, da sulke da kwalkwali da lifidi na mayaƙa, da kayan kiɗan fada, da ɗakin amarya irin na da, da tsofaffin hotuna. Ku roƙi ma'aikacin gidan ya zaga da ku. Ranar ruwa ba cunkoson 'yan makaranta, yana da lokacinku. Ku tambaye shi labarin Basasa, yaƙin da ya ɓarke a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello, da Sarkin Musulmi ya naɗa Tukur ɗan Bello, 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, suka fice daga gari a bayan ɗan uwansu Yusufu, har abin ya ƙare da wani ɗan uwansu, Alu, a kan gado. 'Yan gida ɗaya ne suka yaƙi juna, shekara 10 kacal kafin Turawa su iso bakin ganuwa. Wanda ya ji wannan labari a tsaye gaban makaman da aka yi yaƙin da irinsu, ba zai riƙa jin rigimar sarauta ko ta siyasa da kunnen da yake ji da ba. In kun gama ku sallami mutumin da ɗan ihsani, ku yi masa godiya.

Daga nan, in ruwan bai ƙaru ba, ku nufi Nassarawa ku shiga Gidan Ɗan Hausa. Nan Hanns Vischer ya zauna, Bature ɗan asalin Suwizalan da ake wa laƙabi da Ɗan Hausa, kuma a nan unguwar ya buɗe makarantar boko a 1909, wadda daga ita gwamnatin mulkin mallaka ta fara shimfiɗa karatun boko a Arewa. Duk wanda ya taɓa riƙe fensir a ajin firamare a garin nan, labarinsa ya ratsa ta wannan gida. Shi ma ginin ƙasa ne, hukumar tarihi da al'adu ta jiha ce take riƙe da shi.

Wanda na fi so ku gani kuwa, musamman ku masu zafin siyasa a Facebook, shi ne Gidan Mambayya a Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano. Jami'ar Bayero ce take kula da shi, ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya, da ɗakin karatu da zauren taro. Malam ya rasu ran 17 ga Afrilun 1983, a gidan kuma aka binne shi. Mutum ne da ya ja NEPU shekara da shekaru, ya riƙe kwamishinan tarayya a zamanin Gowon, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a PRP a 1979. Ku shiga ku ga irin ɗakin da ya kwana a ciki, ku dubi abin da ya bari na duniya. A ganina, duk matashin da yake son shiga siyasa ya kamata ya tsaya a bakin ƙofar nan tukuna kafin ya yanki katin jam'iyya.

Sai ɗakin karatu na Murtala Muhammed da ke titin Ahmadu Bello. Yawancinku sai jarrabawa ta matso kuke tunawa da shi, ku je da littafin darasi ku yi haddar dole ku fito. Ina so ku gwada zuwa ranar da ba wanda zai tambaye ku abin da kuka karanta. Ku nemi Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, don abin da kuka gani a Gidan Makama ya samu wurin zama a kanku. Ku nemi littattafan da suka fito daga gasar rubutun Hausa ta 1933: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya rubuta yana malamin makaranta, tun ba wanda ya san zai zama Firayim Minista. Ƙananan littattafai ne, yinin marka guda ya ishi kowanne. Wanda ba ku samu a kan kanta ba, ku tambayi masu sayar da littattafai a kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari. Ban kuma raina littattafan da iyayenku mata suka tashi da su ba. Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun rubuta zaman gidajen Kano yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa. Abin da nake so ku samu shi ne juriyar bin zance mai tsawo daga farkonsa har ƙarshe. Waya tana koya muku tsalle daga wannan zuwa wancan, shi kuwa aure da kasuwanci da neman ilimi duk dogon zance ne, mai gajen haƙuri ba ya kai ƙarshensu.

Akwai kuma ɗakunan karatun da ba su da allon suna a ƙofa. A Madabo da sauran tsofaffin unguwannin cikin gari, har yau malamai suna zama a zaure ana jan Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Ba rajista, ba takardar shiga. Ka yi sallama, ka cire takalmi, ka sami gefen tabarma ka zauna, in layi ya zo kanka ka buɗe littafinka. Ruwa ba ya tashin wannan makaranta. 'Yan mata, ku ma akwai malamai mata a cikin gidaje da suke bayar da karatu, ku tambayi iyayenku za su nuna muku.

Masu sha'awar sana'a, ku shiga Kurmi, amma da takalmin da ba ku jin tausayinsa, don lungunan suna yin caɓi. Ranar marka ciniki yana ja baya, mai sana'a yana da sararin magana. Ku gaida baduku a rumfarsa, ku ce, "Baba, in ba damuwa zan ɗan fake a nan in ga aiki." Da wuya ya hana. Ku kalli yadda yake shimfiɗa jar fatar akuya a kan katako, ya bi ta da wuƙa ba tare da ya zana layi ba, ya huda, ya zura zare, ya ja da hannu biyu har ɗinkin ya kwanta. A 1851 da Heinrich Barth ya zo garin nan, ya tarar da tufafin Kano da takalmanta suna tafiya har Timbuktu da Tarabulus. Jikokin masu wannan aiki ne suke zaune a rumfunan nan, da yawansu kuma 'ya'yansu sun ƙi gadon. Mai neman abin yi yana iya samun ubangida a irin wannan zama.

Ban manta da Ado Bayero Mall na titin Gidan Zoo ba, da sauran manyan shagunan zamani da gidajen kallo. Ku je, ba laifi, ku kalli fim, ku sha abin sanyi ko mai zafi da abokai. Ku dai yanke abin da za ku kashe tun daga gida, ku tsaya a kansa, don wuraren an tsara su ne yadda hannu ba zai daina shiga aljihu ba.

Wani wuri mai rufi da ba ya zuwa ran matashi shi ne asibiti. Ranar ruwa majinyaci ya fi kowa kaɗaici, don masu dubiya duk sun fake. In kuna da ɗan uwa ko maƙwabci a kwance a Asibitin Murtala, ko na Nassarawa, ko na Malam Aminu Kano, ranar ce zuwanku zai fi yi masa daɗi. Ku tafi da kunu mai zafi a fulas, ku karɓi mai jinya ta ɗan runtsa. Akwai kuma abin da ya fi wannan. Damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ce, cutar kuwa tana fasa ƙwayoyin jinin yaro, shi ya sa a watannin nan ake cika kawo ƙananan yara idonsu fari fat, likita ya ce sai an ƙara jini, uba ya fita cikin ruwa yana neman wanda zai bayar. Saurayi ko budurwa mai lafiya da ta kai shekara 18 tana iya bayar da leda guda, wajen mililita 450, bayan an auna ta an ga jininta ya isa. Abin ba ya cin awa guda, jiki kuma yana mayar da abin da aka ɗiba. Ba sai kun san yaron ba. Ku je sashen ajiyar jini ku ce kun zo bayarwa ne saboda Allah.

To, mu koma gida, don ranar babban ruwa nan za ku yini, kuma a nan ne abin da ya fi duk waɗanda na lissafa yake.

Kusan kowane gida a garin nan akwai ɗakin da tsoho ko tsohuwa take ciki. Kuna leƙawa da safe ku ce ina kwana, kafin ta gama amsawa kun kai ƙofar gida. Ranar ruwa sanyi yana shiga gwiwoyinta. Ku dafa mata shayi da citta da kanumfari, ku ɗauko man zafi ku zauna a bakin gado ku murza mata ƙafa, sannan ku ja ta da hira. Ku jikoki Allah ya ba ku damar da iyayenku ba su da ita. Ɗan fari ba ya iya zama ya tambayi uwarsa yadda aka yi aurenta, kunya ba za ta bar su ba, shi da ita. Amma tsakanin kaka da jika wasa ne. Kana iya cewa, "Hajiya, ke da wannan tsohon naki, wa ya fara ganin wani?" ta kai maka duka da mafici tana dariya, sannan ta ba ka labarin da ko 'ya'yanta ba su taɓa ji ba.

Tsofaffi ba su cika riƙe shekara da lamba ba, da abin da ya faru suke riƙe ta, don haka ku yi tambaya ta nan. Kina ina aka naɗa Sarki Ado? Wannan 1963 ke nan. Wa kike goyo shekarar da motoci suka koma hannun dama? 1972. Da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo fa? Farkon 1973, shekarar da fari ya ƙone amfanin gona, dabbobi suka yi ta mutuwa. Da irin wannan za ku gano shekarun iyayenku na gaskiya, ku gano wa ya girmi wa a dangi. Ku tambayi daga ina kakan kakanku ya zo. Kano gari ne da baƙi suka cika shi, sunayen unguwanni ma shaida ne: Agadasawa, Zangon Barebari, Tudun Nufawa, da Ayagi inda Yarabawa suka sauka tun da daɗewa. Wataƙila ku ji asalinku daga Agadas ne ko Kukawa ko Bida, ku ji kuna da 'yan uwa a Damagaram ko Kumasi da zumunci ya yanke da su tun rasuwar wani. Nan ne wayar nan taku za ta yi amfani. Ku nemi izininta, ku kunna ɗaukar murya, ku ajiye a gefen filo ku manta da ita. Ku rubuta sunayen a littafi, kowa da uwarsa da ubansa. Gidan Makama yana nan baɗi in Allah ya kai mu, amma tsohuwar nan ba wanda ya ba ku tabbacin za ta ga wata damina, kuma ranar da ta tafi abin da ke kanta ya tafi ke nan.

In magariba ta yi aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba in hadari ya taso, ku tara ƙannenku. Da, ana hana tatsuniya da rana don kada yara su bar aike da aiki, dare ne lokacinta. Yaran yanzu da yawa sun san jaruman katun na ƙasashen waje, ba su san Gizo da Ƙoƙi ba, kuma ba laifinsu ba ne, ba wanda ya zauna ya gaya musu. In kun manta, tsohuwar tana nan, ku ce ta fara ku karɓa. Ku yi kacici-kacici, wanda ya kasa ya ba da gari. Samari, ku koyi dara. Ba sai kun haƙa ƙasa ba: ku zana gida 30 a bayan kwali, layi 5 gida shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'ya 12, wannan ƙwallon dabino, wancan murafen kwalba. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin wasansa. Wasa ne na lissafi da haƙuri, dattawan da kuke gani a gindin bishiya sun yi shekaru suna yi ba su ƙure shi ba. 'Yan mata ga carafke, ga kitso, ga lalle, ga saƙa da ɗinkin hula ga mai so. Ludo da karta ma ba laifi, muddin ba a sa kuɗi ba. Da kuɗi ya shiga, ko naira goma ce, ya zama caca, ku tashi.

Madafa kuma ba ta mata kaɗai ba ce, ku ji ni da kyau, samari. Wanda zai tafi makaranta ko bautar ƙasa ko fatauci, ranar da ya rasa mai dafa masa zai gane. Ku ce wa mahaifiyarku, "Umma, yau ki zauna ki huta, ki dai riƙa gaya mini." Ku fara da ɗanwake, don ba abin da ya dace da sanyin ruwa irinsa. Garin wake da na rogo, kuka kaɗan, ruwan kanwa, a kwaɓa ya yi danƙo. Ruwa yana tafasa ana tsinkawa da yatsu ana jefawa, in ya taso sama ya ɗan ƙara nuna a tsame a ruwan sanyi, a zuba mai da yaji. Ga sabuwar masara ta shigo gari, a dafa ko a gasa. Ga ɗanyar gyaɗa a dafa da gishiri. Ga rama da zogale da tafasa sun yi arha, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. A zuba a faranti ɗaya a ci tare, a kuma miƙa wa maƙwabta ta kan katanga.

Sai dai zaman ɗaki yana da nasa haɗarin, kuma kusan kowace shekara sai an ji ya ci rai. Kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Kada a jawo janareta cikin zaure ko baranda mai rufi don gudun kada ruwa ya taɓa shi. Dukansu suna fitar da iskar guba marar wari marar launi, mutum yana jin ciwon kai da kasala, ya ɗauka barci ne, daga nan ba ya tashi. In ruwa ya fara shigowa gida, a kashe wuta daga babban makunni kafin a taka shi. In ya ɗauke, ku zaga tsakar gida ku kifar da duk gwangwani da tsohuwar taya da fasasshen bokitin da ya tara ruwa, don sauro yana tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako ɗaya zuwa biyu. In ma'aikatan lafiya sun zo da maganin rigakafin zazzaɓi da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 kowane wata a damina, ku taya iyayenku tunawa da sauran ƙwayoyin da ake bari a ba yaro a kwana biyun da ke biye. Gidan sauro kuma a ɗaura shi, ba a ninke a ƙarƙashin katifa ba.

Abu guda kuma ina roƙonku ku daina, ku hana ƙannenku. Da an fara ruwa sai ka ga an fito da kwandon shara an juye a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ba inda take zuwa. Tana tsayawa a ƙarƙashin gadar gaba, ruwan ya juyo ya shiga ɗakin wani bawan Allah da ke gangare, ya jiƙa masa katifa da buhun hatsi. Haƙƙi ne, ko ba ku san mai ɗakin ba.

Addininmu ya sauƙaƙa a irin wannan rana. Malamanmu na Malikiyya sun yarda a haɗa Magariba da Isha'i a masallaci a daren ruwa, don mutane su koma gida da sauran haske. Lokacin saukar ruwa kuma yana cikin lokutan da ake fatan karɓar addu'a, don haka ku yi wa iyayenku, ku yi wa manoman da wannan ruwan da ya hana ku yawo shi ne abincin shekararsu da taku.

In kun fito daga masallaci kada ku wuce gida kai tsaye. A kowace unguwa ta cikin gari akwai gidan ƙasa da ya shekara ba a yi masa yaɓe ba, sau da yawa tsohuwa ce a ciki ko mace da marayu. Bangon ƙasa yana shan ruwan marka a hankali, ya jiƙe har ciki, kuma cikin dare ya fi faɗuwa, lokacin da mutane suke kwance a gindinsa. Ku ɗauki tocila ku yi sallama. Ku duba ko indararo ya toshe, ko rufi ya fara ɗiga, ko bango ya tsage ko gindinsa ya rome. In kun ga haka kada ku tsaya jin nauyi, ku gaya wa mai unguwa da iyayenku, a fito da su su kwana a gidanku har gari ya waye. Almajiran da kuka gani sun takure a barandar shago suna rawar ɗari, ku nemi izinin maigida ku buɗe musu zaure, ku ba su tabarma da abin rufa da sauran ɗanwaken nan.